Ƙofar Garejin da ta Soya Iri

Damba, Gusau.

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya sa ka shiga Tsafe da ƙafar dama, ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙunta, ya haɗa ka da maƙwabta na gari. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka daina cin abinci a tsaye kamar wanda ake kora. Mu nan lafiya lau, babu wani labari da ya kai a ɓata takarda a kansa.

Direban da ya miƙa maka wasiƙar nan bai zo da buhunan irin gyaɗa ba. Kada ka yi masa faɗa, ba mantuwa ya yi ba. Buhunan shida suna can Furfuri a rumbun Inna Kulu, matar yayana marigayi Baba Dahiru, kuma ta ce ba za su fito ba sai an gyara ƙofar garejin da ka kama haya za ka yi shago. Ni ma ina bayanta. Na san ka yi wa manoman 'Yankuzo alkawarin za su sami jar gyaɗar gidanmu kafin ruwan shuka, na kuma san wannan ne cinikinka na farko, da shi za su auna ka. Dalilin ke nan da na zauna rubutu, ni da rabona da alƙalami tun da na bar aiki.

Ranar da za ka tafi na tambaye ka ina ƙofar garejin take kallo, ka ce yamma. Na tambaye ka wace iri ce, ka ce ƙarfe falle ɗaya, da baƙin fenti. Na ce a yi mata shafi, wato a ƙara mata ciki kamar yadda tela ke yi wa riga, sai ka yi murmushin nan naka na wanda ya yi karatun aikin gona, ka ce, "Baba, ai ƙofa mai shafi ta mutanen ƙasar sanyi ce, mu nan asara ce kawai." Ban amsa maka ba, don mota tana jira, kuma amsar doguwa ce, akwai abin kunyata a cikinta. To ga ta nan.

Lokacin da na gina gidan nan ina ƙaramin akawu a ofishin gwamnati. Ba ni da mota, babur ɗina ma wani lokaci sai an tura. Amma na ce wa magini lallai a fitar mini da gareji, don na ga duk gidajen manyanmu akwai shi. Titi yana yamma da filin, saboda haka ƙofa ta kalli yamma. Akwai wani itacen dogon yaro a daidai bakin wurin, magini ya ce a bar shi, na ce a sare, zai tare wa motar da ban saya ba hanya. Malam Lawali mai walda, wanda ka sani a bakin kasuwa, shi ya yi ƙofar. Ya tambaye ni launin fenti, na ce baƙi, don baƙar ƙofa ta fi kwarjini. Ya ce, "Amma Malam Mamman, wagga ƙohwa rana za ta sha hwa." Na ce masa ni zan biya, ya yi abin da na ce. Da aka kafa ta, duk wanda ya wuce sai ya waiwaya, ni kuwa ina zaune a kan dakali ina hura hanci kamar wani darakta.

Abin da zan ce maka a nan gajere ne. In mai sana'a ya ce maka "amma", ka tsaya ka ji ƙarshen maganarsa, ko da kai ke biya. Kuma kada ka sare itacen da ka tarar a bakin ƙofa saboda abin da ba ka mallaka ba tukuna. Motar sai bayan shekara biyar na saye ta, dogon yaron da na sake dasawa kuwa ya shekara bakwai kafin inuwarsa ta kai ga ƙofar.

Yanzu sai maganar gyaɗa, ko gujiya, kamar yadda kai ma kake cewa kafin ka je makaranta ka dawo da bakin Kanawa. Kakarka, Allah ya jiƙanta, ita ta zo da wannan iri daga gidansu: ƙaramar ƙwaya ja, mai saurin nuna, mai yawan mai. Da ƙarfinta ya ƙare ba ta damƙa ajiyar irin ga 'ya'yanta maza ba, sai ta damƙa wa surukarta Kulu, don ta ga hannunta. Kowace kaka Inna Kulu ke zaɓen irin baɗi, ta shanya, ta zuba a rumbun ƙasa da ɓawonsa. Ba a ɓare shi sai an ga hadarin shuka, sannan ta kira matan unguwa a zauna a ɓare da hannu. Ita ma duk gidan da za a ɓare iri sai an aika a kira ta, don in tana wurin ba mai fasa ƙwaya.

Shekara goma sha huɗu ke nan, kana firamare, gobara ta tashi a unguwarsu bayan an gama kaka, ta cinye rumbunan maƙwabta huɗu. Na Yaya Dahiru ya tsira, amma hankalinsa ya tashi. Na je jaje, a nan na buɗe baki na ce, "Yaya, mi za ya sa ku bar iri cikin laka da ciyawa? Ga gareji can Gusau, siminti da ƙarhe, ba wuta, ba ɓera, ba ɓarawo." Ya ji daɗi ƙwarai. Shi ya yi noma ni na yi makaranta, kuma a wurinsa duk abin da ya fito daga bakina kamar daga littafi ya fito.

Da aka duba, buhu goma sha biyu ne da ɓawo, a-kori-kurar da na aro kuwa ba za ta kwashe su a sawu ɗaya ba. Sai na ce a ɓare, kayan su ragu. Inna Kulu tana bakin murhu ta ce, "Kai ɗan boko, iri ba a tuɓe mai riga sai ruwa ya sauka." Ɗan boko take ce mini tun tana amarya, ni kuma ina ce mata baƙauya, ka san wasan ƙanin miji da matar wa. Na ɗauka wasan ne, na mayar mata da wasa. Ta sake faɗa, wannan karon ba dariya. Yaya ya ce, "Kulu, shi da yay yi karatu bai san wanga ba? Ku ɓare." Ta kira mata suka yi kwana uku suna ɓara, ya koma buhu biyar. Na kawo su nan, na jera su a jikin ƙofar ƙarfen daga ciki, don in bar wa babur fili. A nan suka zauna tun daga sanyi har bazara.

Wata rana da la'asar, ana tsakiyar zafi, na shiga ta ƙaramar ƙofar cikin gida zan ɗauko wani abu. Na dafa ƙofar ƙarfen, na janye hannu ba shiri, sai da tafina ya yi ja. Na taɓa buhun da ke jingine da ita, na ji shi kamar yanzu aka sauke daga kasko. Ga tabon mai a jikin buhun, wurin kuma yana ƙamshin gyaɗar da aka soya. Wallahi Sanusi zuciyata ta gaya mini akwai matsala. Sai na ce wa kaina ai gyaɗa a rana take girma, a rana ake shanya ta, mene ne zafin ƙofa? Na ja buhunan baya taku biyu, na fita. Ban gaya wa kowa ba, har mahaifiyarka.

Ruwa ya sauka, na mayar da iri Furfuri. Yaya ya shuke babbar gonarsa, ya kuma ɗebar wa maƙwabtan nan huɗu da wuta ta yi wa ɓarna. Bayan kwana goma gona ta fito kamar kan mai ƙora, nan tsiro ɗaya, sai ka yi taku goma kafin ka ga wani. Aka tona, aka tarar ƙwaya ta ruɓe a rami. Kowa ya riga ya shuke nasa iri, ba inda za a samo wani. Gida biyar suka rasa gyaɗar shekara, kuma ka san ita manomi ke kaiwa kasuwa ya yi wa iyalinsa sutura. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago, ni ne kuma na nuna hanyar.

Ranar da na je na tarar da mutane a ƙofar gida ana neman dalili. Wani ya ce ruwan farko ne ya yi kaɗan, wani ya ce tsutsa ce. Sai wani dattijo ya ce in mata suka yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi saurin ɓaruwa, aka ɗura ta a buhu ba ta bushe ba, haka take yi. Yaya ya tashi ya shiga gida, muna jin muryarsa daga waje.

"Kulu, kin jiƙa gujiyag ga, ko? Kin kashe irin uwata!"

Ta ce, "Ban jiƙa ba, Malam."

Ya ce, "To mi yak kashe shi? Ɗakin siminti?"

Ina tsaye a zaure, hannuna da ƙofar ta ƙona yana cikin aljihu. Magana ɗaya ta ishe ni in wanke ta, ban yi ba. Na ji tsoron idon mutanen nan huɗu, na fi jin tsoron Yaya ya daina kallona yadda ya saba. Na fito na zauna cikin jama'a, har da ni a masu cewa Allah ya mayar da alheri.

Yaya bai sake ta ba, bai kuma taɓa lafiyarta ba, amma ya karɓe ajiyar iri daga hannunta. Matan unguwa suka daina kiran ta ɓarar iri. Aka laƙa mata suna, Kulu mai jiƙo, har yaran da ba a haifa a lokacin ba suka tashi suna faɗa ba su san asalinsa ba. Ni kuma daga ranar ta daina ce mini ɗan boko. In na je sai ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Malam Muhammadu," ta ajiye mini ruwa ta koma ɗaki. Mutane suna cewa matar nan tana girmama ƙanin mijinta. Ni na san ba girmamawa ba ce, kuma kowane zuwa gaisuwar tana yi mini ciwo.

Irin bai ɓace ba saboda ita. Ashe kafin a fara ɓara ta ɗebi tiya biyu da ɓawo ta zuba a tukunya, ta rufe da toka, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Ta shuka a 'yar gayaunarta ta bayan gida, ya fito ba gurbi ko ɗaya. Cikin shekara uku ta mayar da irin yadda yake. Har wannan ma sai da aka juya mata shi, aka ce ai ga shi wanda ba ta ɓare ba ya fito, ashe ɓararta ce ta kashe wancan. Buhuna shidan da kake jira jikokin tukunyar nan ne.

Saboda haka, ranar da ka taɓa buhu ka ji abin da bai kwanta maka ba, a ranar za ka ɗebi ƙwaya ashirin ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ka ga nawa za su tsira. Ka fi ni sanin wannan, an koya maka. Abin da ba a koya maka ba shi ne yadda mutum ke lallashin kansa kada ya gwada, don yana tsoron amsar. In iri ya mutu a hannunka, ka faɗa da bakinka tun ba a kai shi gona ba. Asarar buhu a shago taka ce kai kaɗai, za ka farfaɗo, amma in ya shiga ƙasa damina guda ta mutane ka kashe. In kuma laifinka ya faɗa kan wani a gabanka, ka yi magana a wurin, kafin ka tashi. Ni na ce sai an huce, sai bayan kaka, sai bayan Salla, har Yaya ya rasu shekara uku da suka wuce yana ganin matarsa ce ta kashe irin uwarsa.

Bari in koma kan ƙofa, don ba wa'azi kaɗai kake bukata ba. Da bakina ya kasa faɗin gaskiya sai na huce a kan ƙofar, kamar ita ta kawo kanta. Na sa Lawali ya ƙara mata falle na biyu daga ciki, muka cusa dattin auduga a tsakani, don wani abokina mai aiki a injin gurza ya ba ni kyauta. Bazarar farko abin ya yi kyau. Daga nan ɓeraye suka gano wurin, suka yi gari a ciki. Ranar da hinjin da ƙofar ke juyawa a kansa ya karye Lawali ya sa wutar walda, audugar ta kama daga ciki, ƙofa ta wuni tana hayaƙi, maƙwabta suna ta zuwa kallo. Muka ɗura mata ruwa, ta yi tsatsa. Araha ba ta ado. Kada ka cusa auduga, ko ƙaiƙayi, ko garin katako, duk abin da ɓera zai so ko wuta za ta ci a ɓoye.

Bayan wannan na yi mata shafin katako mai kauri. Zafi ya ragu, amma ƙofa ta yi nauyi, hinji biyu suka gaza, ta sunkuya tana jan ƙasa. Mahaifiyarka ta ce wannan ƙofa sai an kira gayya ake buɗe ta. In za ka ƙara wa ƙofa nauyi ka ƙara mata hinji na uku, ka kuma duba ginshiƙin da ke riƙe da ita.

Abin da ya zauna daga ƙarshe shi ne wanda ka tashi ka gani, ba ka taɓa tambaya ba. Allon silin ne daga ciki, an bar rata kamar yatsa biyu tsakaninsa da ƙarfe, a ratar kuma an jera farin abin nan mara nauyi da ake naɗo firji da rediyo a cikinsa, wanda masu shaguna ke zubarwa. Sai an gama walda duka ake sa shi, don ko tartsatsi ya taɓa shi narkewa yake yi. Daga waje kuma na haƙura da kwarjini na shafa farin fenti.

Da aka gama na kafa kyandir a kan wani teburi a cikin garejin don in gwada. Washegari da la'asar na tarar ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci, na kira Lawali na ce aikinsa bai yi ba. Ya shigo, ya dafa ƙofar, ya ɗaga kai ya dubi rufin kwano tsirara, ya ce, "Malam Mamman, ka sa ma ƙohwa riga, ka bar ɗaki ba hula." Gaskiyarsa. Muka buga silin, muka huda kafar iska biyu a sama, ɗaya kudu ɗaya arewa, muka sa musu waya saboda ɓera da tsuntsu. Daga nan kyandir ya tsaya. Har yanzu da sauran wauta guda, don da na sayi motar sai in dawo daga ofis da tsakar rana in cusa ta ciki da zafinta in rufe. Garejin ya riƙe zafin injin har magariba. Sai da na koyi barin ta a inuwa ta huce tukuna.

Wannan ita ce amsar maganarka ta mutanen ƙasar sanyi. Shafi bai san sanyi ba, bai san zafi ba, abin da ke waje yake hanawa shiga, na ciki ya hana shi fita. Fulas ɗin da mahaifiyarka ke zuba shayi, shi take zuba ruwan sanyi da azumi. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Rumbun da na raina a Furfuri, katangarsa laka ce mai kauri, kansa hular ciyawa, gindinsa a kan duwatsu. Iyayenmu sun daɗe da gama wannan lissafi, mu ne muka ga ƙarfe muka ruɗe.

To, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Ba kullum ba, kuma ba zan yi maka ƙarya don in ci gardama ba. In ƙofa tana kallon kudu ko arewa, ko tana ƙarƙashin inuwa, kuma mota kaɗai ke kwana a ciki, shafi ado ne kawai, mota ba ta zufa. Wani maƙwabcinmu ya ga tawa ya yi wa tasa, alhali rana ba ta ko leƙa ta, ban ga abin da ya ƙaru da shi ba sai nauyin buɗewa. In kuma rufi kwano ne tsirara, ka fara da rufin. Amma tun da aka ba mu jiha, ma'aikata suka cika Gusau, rabin garejin garin nan sun zama shaguna da ɗakunan haya, kuma a nan ne maganar ta canja. Duk inda mai rai zai wuni a bayan ƙarfe falle ɗaya mai kallon yamma, mutum ne, ko magani, ko iri, to shafi ya zama dole. Iri kuwa mai rai ne, barci kawai yake yi. Kai ga ƙofar yamma, ga baƙin fenti, ga bazara gaba ɗaya a gabanka. Kada ka ce za ka sa fanka, ka san yadda wutar lantarki take, ranar da aka fi zafi ranar ake ɗauke ta.

Ga yadda za ka yi. Ka je wurin mai gidan da kanka, da wani dattijo a unguwar, ka nemi izini da ladabi, don ƙofarsa ce. Tun a ranar ka kafa rumfar zana a gaban ƙofar, wannan ba ya jiran kowa. Ka shafa farin fenti. Ka ɗaga kai ka dubi rufi, ka nemi kafar iska. Na riga na yi magana da Lawali, ya tsufa amma idonsa na nan, zai zo ranar kasuwarku da kayan aiki, kai dai ka aiko da awon ƙofar ta hannun direban nan. In buhuna sun zo ka ɗora su a kan katako, nesa da ƙofa, nesa da bango, kuma da ɓawonsu. Ko wa ya ce maka a ɓare don a sami fili, ka ce masa ubanka ya riga ya gwada.

Saura in gaya maka yadda aka yi buhunan suka tsaya. Makon jiya na je Furfuri ɗaukar su. Inna Kulu ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta kawo ruwa. Na ce mata na zo ɗaukar irin Sanusi. Ta ce, "Ɗakin da za a aje shi, ina ƙohwatai taka kallo?" Na ce yamma. Ta ce, "Ƙarhe ta?" Na ce ƙarfe ce. A nan na gane ba tambayar yau take yi mini ba. Na ajiye kwanon ruwan, na faɗa mata duka, tun daga hannuna da ya ƙone har tsayuwata a zaure.

Ta bari na gama, ta ce, "Na sani. Ran da anka maido buhunnan na sa hannu ciki, na shinshina. Gujiya ta soyu."

Na ce, "Don mi ba ki hwaɗi ba?"

Ta ce, "In hwaɗi wa za ya yarda? Ko an yarda, in raba wa da ƙane? Kai na abin alhwaharinai duk garin ga. Na ce bari in ɗauka, kai ka zo ka sauke min. Na yi ta jira." Ta gyara mayafinta, ta ce, "Na yahe maka, Allah ya yahe muna. Amma da ka hwaɗi shina da rai."

Na yi kuka a gaban matar yayana, da furfurata. Ranar Juma'a na koma, bayan an sauko daga masallaci na tsayar da dattawan unguwar, biyu daga cikin mutanen nan huɗu suna raye, na faɗa musu abin da na faɗa mata. Wani ya ce abu ya wuce, mene ne na tono. Na ce a wurina ne ya wuce, ita har yau da sunan ake kiran ta. Ban sani ba ko sunan zai goge, wanda ya fi cancanta ya ji kuwa yana kabari.

Da zan tafi na shiga yi mata sallama, ta ce irin naka ne, ba ta hana ka ba, amma ba za ta sake ba da shi a kan maganar mai karatu ba. In an gama ƙofar in zo in ɗauke ta, ita da ba ta taɓa zuwa Tsafe ba, a kai ta da la'asar, ta ɗora hannunta a bayan ƙofar daga ciki. In ba ta janye ba, a ranar za a buɗe rumbu. Na ce na ji. Na kai bakin zaure ke nan na ji ta daga ciki tana cewa, "Kai ɗan boko, ka mance hulakka." Shekara goma sha huɗu rabona da jin sunan nan, na koma na ɗauki hular, ban iya ce mata baƙauya ba.

Saboda haka ka gyara ƙofar, kada ka sa matar nan ta janye hannunta.

Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya kiyaye ka daga wuta da ɓarawo da kunyar duniya. Allah ya sa albarka a shagonka, ya ba mu damina mai albarka, ya fitar da duk ƙwayar da za ta bi ta hannunka. Allah ya jiƙan Baba Dahiru da kakarka, ya saka wa Inna Kulu da alheri. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka gaishe da mai gidanka. Sai mun zo.

Wassalam.

Mahaifinka,
Muhammadu